Huda Uku a Jikin Gwangwani

A tasharmu, tafiyar rabin yini daga Uyuni,
inda iska ba ta cika huhun baƙo,
tankin ruwa na tsaye kan ƙafafun ƙarfe huɗu
kamar tukunya a kan murhun da ya wuce misali.

Kakana Saturnino Huallpa ne mai tsaronsa.
Shekara talatin da ɗaya yana shayar da jirage,
zamanin da jirgi ke jin ƙishirwa kamar mutum,
ya tsaya yana haki, tururi na fita ta hanci,
kaka ya ja sarƙa, bututu ya juyo da wuyansa,
ruwa ya rufta masa ciki da rugugi.

Ina shekara tara na tambaye shi:
"Tata, don me aka rataye ruwa a sama?
Ƙasa ce ba ta ishe shi ba?"

Bai tanka ba. Ya ɗauko gwangwanin madara,
ya kafa ƙusa, ya huda sau uku:
kusa da baki, tsakiya, da can gindi.
Ya ce in toshe da yatsu. Ya cika. Ya ce in saki.
Na sama ya dalalo kamar yawun barci,
na tsakiya ya ɗan taɓuka,
na gindi kuwa ya yi tsalle
ya jiƙa min takalmi har safa.

"Kin gani, Nélida? Na ƙasa ke goye da kowa.
Ruwa ba ruwansa da faɗin tanki,
ko ya kai fagen gishirin can faɗi.
Tsayin abin da ke kansa kaɗai yake lissafi.
Mita goma, allurar agogo ta hau gida ɗaya.
Namu sha takwas ne, in ya cika maƙil."

Na ce, "To ai garinmu duk a sama yake,
malam ya ce mun fi teku da mita dubu uku da ɗoriya.
Me ya sa famfon Doña Eulogia ke kuka ba hawaye?"
Ya yi dariya har koren ganyen koka ya bayyana a haƙoransa.
"Tudun da kowa ke kai ba tudu ba ne.
Gidanta na kan gangare, dab da kafaɗar tanki.
Tazarar da ke tsakani ita ce ƙarfi."

Daga baya jiragen dizal suka zo, ba sa shan ruwa.
Tsofaffin suka kwanta bayan shago, tsatsa na cinsu.
Aka bar wa gidaje goma sha ɗaya tankin.

Shekarar da sama ta ƙi zubda ko ɗigo,
ruwan ya riƙa sauka taki-taki,
famfuna suka mutu bi da bi, daga sama.
Na Doña Eulogia ya fara, ita da ba ta gaishe mu.
Sai na makaranta. Sai na mai gyaran birki.
Namu, a gindin dogo inda ƙura ke kwana,
ya yi ta tsiyaya har ƙarshen Nuwamba.
Na gan ta tana gangarowa da bokiti biyu,
hularta a karkace, idonta a ƙasa.
Kaka ya karɓi bokitin, bai ce uffan ba,
ya cika, ya kai mata har ƙofa, yana tari.

Bai ga damina ta gaba ba.

Yanzu ni ke hawa. Matakala sittin da biyu,
ta arba'in tana rawa, na san ta da tafin ƙafa.
A watan Yuni nakan fasa ƙanƙarar saman da guduma
kafin rana ta leƙo,
in zura sanda, in karanta inda ya jiƙe.
Daga can gidanmu bai fi akwatin ashana ba.
Gwangwanin yana kan taga har yau,
'yata ta shuka albasa a ciki,
in ta ba ta ruwa, ta hudar gindi yake fita.